Shanun Sambo Ba Su San Lokacin Ofis Ba

Basharu ɗan gidan maƙera ne a Gwandu, amma tun yana yaro zaman maƙera bai kwanta masa ba. In aka sa shi zuga, hannu yana kan zugazugi, kunne yana bakin hanya wajen ƙarar mota. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji, daga baya Allah ya yi masa rasuwa, ya bar shi da mahaifiyarsa Inna Nana. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin, 'yan'uwansa mata biyu kuwa aure ya kai su nesa.

Zamanin da kuɗi ya yi yawa a ƙasa, tun muna cikin Jihar Sakkwato, aka kawo taraktoci sababbi fil a sashen aikin gona, aka ce ana neman samari masu hannun ƙarfe. Basharu bai tsaya shawara da kowa ba. Kafin damina biyu ya zama direba, ya sami kakinsa da hular rana da baƙin tabarau, wanda ko hadari ya rufe gari ba ya cire shi. Wanda bai ga direban tarakta a shekarun nan ba bai san sarauta ba. In ya doshi ƙauye, tun daga nesa ake share masa hanya. Wannan ya kawo fura, wancan ya ɗaure masa zakara a bayan kujera, duk don a fara da gonarsa. Ya kafce tudun Malisa da Kambaza, ya sauka fadamun Kalgo ya juye su kamar ana tuƙa tuwo. A cikin wannan daula ya auri Hajara, ya yi wa Inna rufin kwano.

Mutum ɗaya ne tarakta ba ta taɓa burge shi ba, wato Sambo, wani Bafillace da ya zauna a Wurogauri, kusa da Kalgo, yana kiwo yana noma. Shi da shanunsa yake huɗa. Tsakanin Fulani da maƙera kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, saboda haka ranar da ya ji Basharu ɗan maƙera ne, ya sami abin yi.

"Ga bawana nan ya zaka da jakin ƙarhenai," in ji shi duk lokacin da tarakta ta tsaya kusa da rugarsa.

"Bahillace, abin da shanunka ka yi sati guda, kahin ka gama tatsa na gama shi."

"Awo. Amma jakinka ba shi haihuwa."

Su yi dariya, Sambo ya sa a kawo masa ƙwaryar nono. Haka suka yi shekaru, ba wanda ya taɓa cin riba a kan wani.

Sai abubuwa suka fara juyawa. Da farko a rediyo aka ji, ana ta maganar tsuke bakin aljihu, mutanen sashen gona suka ɗauka zancen mutanen birni ne. Ba a jima ba zancen ya iso har garejinsu. Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsadar da ba mai iya tunkararsu. In tarakta ɗaya ta lalace, sai a kwance wata a gyara ta, gobe a kwance ta ukun a gyara ta biyun. A haka aka cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ta Basharu ce ta fi daɗewa don yana lallaɓa ta, amma ita ma wata rana ya zo ya tarar an ɗora ta bisa duwatsu, an ara tayoyinta an ba motar ruwa. Man gas ya zama sai da sa hannun manya. Albashi ya koma sai an manta da shi sannan ya zo.

Duk da haka ba wanda ya daina zuwa aiki. Kullum da safe Basharu zai goge kakinsa, ya karya kumallo, ya isa gareji a kan lokaci. Su zauna ƙarƙashin darbejiya, direbobi da kanikawa da masu gadi, a haƙa gurbin dara a yi ta bugawa har lokacin tashi. Kaji suka mayar da kujerar taraktarsa wurin ƙwai. Shi da kansa yake kwashewa ya kai wa Hajara, yana cewa ko ba komai motar tana biyan haraji.

Da sallama daga aiki ta zo, Malam Jibrin jami'in ma'aikata aka ɗora wa. Mutumin kirki ne, tare suke sallar azahar, kuma ranar kansa a ƙasa ya wuni. Yana kiran su ɗaya ɗaya cikin ofis, ya yi dogon bayani a kan halin da gwamnati take ciki, wanda ba mai saurare, sannan ya ce a ajiye kayan hukuma. Basharu ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin tarakta ya ɗora bisa tebur.

"Ga shi, Malam. A dai yi hankali da ita, gudu gare ta."

Malam Jibrin ya so ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Bai sani ba shi ma saura ƙiris a kira shi wani ofishin a yi masa irin wannan bayani.

Abokan aiki suka watse. Masu gona babba suka koma gona, sauran suka nufi kudu. Lawal, wanda suka fi shaƙuwa da Basharu, ya tafi Badun ya sami gadi a wani wurin yankan katako, ya aiko da saƙon baki cewa ana neman mutum ɗaya, in yana so ya taho. Basharu ya leƙa maƙerar gidansu, ya ga 'yan'uwan ubansa sun cika ta, kuma hannunsa bai iya abin da za a saya ba. Gonar gado kuwa ba ta ciyar da gida shekara. Hanyar Badun ce kaɗai a buɗe, shi kuma ita ce ba ya so, saboda Inna. Idonta ya riga ya tafi, sai dishi-dishi. Takunsa take ganewa tun daga zaure, ta ce, "Basharu na?" tun kafin ya yi sallama. Ya san in ya hau motar kudu, mai yiwuwa saƙo ne zai same shi a can, bayan an riga an rufe ta. Wannan tunani shi ne ya hana shi sukuni, ya rame, har tabarau ya daina sawa.

Ana gab da faɗuwar damina, wata rana da yamma aka yi sallama a ƙofar gida. Ya fito ya ga Sambo da sanda a kafaɗa, bayansa bijimai biyu, ɗaya fari tas, ɗaya ja mai gutsurarren ƙaho. An ɗaure garma da karkiya bisa jaki.

"Bawana, an ce jakin ƙarhe ya mutu."

"Bai mutu ba, kwance shike."

"To ga masu rai nan. Wanga Fari, wanga Guntu. Horarru na, ba su bukatar mai ja gaba. Ni ina da wasu ƙanana da nika horo. Mutanenku sun saba da mota, yanzu ba mota, kowa na biɗar mai huɗa. Abin da Allah ya kawo, da kaka mu gani."

Basharu ya yi ta godiya. Sambo ya kwana, da safe ya nuna masa ɗaurin karkiya da riƙon igiyar hanci, da yawan dusa da kanwar da ake ba su. Da zai tafi ya waiwayo ya ce, "Ka dai riƙa kallon su." Iyakar huɗubar ke nan. Bafillace ba ya yawan magana, Basharu kuma ba ya yawan tambaya. Mutumin da ya sarrafa tarakta shekara da shekaru, shanu biyu ne za su gagare shi?

Gaskiya hannunsa ya faɗa da wuri. Layi miƙaƙƙe ya riga ya zauna masa a ido, kunyoyin gonar da ya tayar sai ka ce da zare aka ja su. Manoma suka yi masa caa, kowa yana cewa a fara da tasa, har Basharu ya ji wani abu na da ya dawo masa. Ya ciro kakin nan ya goge. Ya ciro lokacin ofis ma ya goge shi. Sai ya karya kumallo a natse, ya ji labarun safe a rediyo, sannan ya kora shanu gona, lokacin da sauran manoma sun riga sun yi gumi. In ya fara kuwa ba tsayawa sai sallar azahar, ya idar ya ci gaba har lokacin da da can ake tashi daga aiki. Hajara ta taɓa ce masa masu shanun da take gani a garinsu da duku-duku suke fita. Ya ce ai su ba su yi aikin gwamnati ba.

Kwanakin farko Allah ya rufa asiri, don gari a lumshe yake, ga iska. Shanun suna dawowa a gajiye, suna ƙin cin dusa, shi kuwa yana ganin rashin sabo ne.

Ranar da abin ya faru a Kambaza ne, gonar wani dattijo Malam Yusufu. An yi ruwa jiya, sama ta wanke tas, rana ta fito da ƙarfinta, ƙasa tana tururi. Da rana ta take, Malam Yusufu ya taso daga gindin kirya ya ce, "Direba, ka kwance su haka nan, su sha iska. Gobe ma rana ta."

"Malam, ni ban saba barin aiki rabi ba. Akwai mutum huɗu na jira bayanka."

Dattijo ya koma inuwa, don ba shanunsa ba ne. Can Guntu ya fara jan ƙafa. Abin da Basharu ya sani a rayuwarsa shi ne in mota ta rage gudu a ƙara mata wuta, saboda haka ya ɗaga tsumagiya ya taɓa shi. Guntu ya yunƙura ya yi 'yan taku, sai gwiwoyinsa na gaba suka lanƙwashe, ya durƙushe, karkiya ta fizgo wuyan Fari. Harshe a waje, kumfa a baki, cikinsa yana hawa yana sauka kamar zugazugin gidansu.

Tsoron da Basharu ya ji a wurin bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar sallama. Ya kasa kwance igiya, sai Malam Yusufu ne ya yanke ta da wuƙa. Mutane suka taru, aka cire zana daga wata bukka aka yi masa inuwa, mata suka yi ta jido ruwa daga rijiya ana zuba masa a hankali daga ƙafafu zuwa gadon baya. Basharu ya cire rigar kakin yana yi masa fifita da ita, yana kiran sunan Allah, yana kiran sunan Guntu. Sai bayan la'asar Guntu ya miƙe, yana tangaɗi. Da lallami aka kai shi gida.

Bai ɓoye ba. Washegari ya sami mai zuwa Kalgo ya ba shi saƙo a gaya wa Sambo duk abin da ya faru. Da Sambo ya iso, bai shiga zaure ba, turke ya wuce. Ya buɗe bakin Guntu ya duba, ya ja fatar wuyansa ya saki, ya shafa inda karkiya ta ci. Ya duba Fari ma, ya ga ƙashin haƙarƙari ya fara fitowa. Basharu yana tsaye yana jiran zagi ko gori, ko da wasan nan ne mai zafi. Da ya samu da ya ji sauƙi.

"Basharu," in ji Sambo, "zan tahi da su."

Tun da suka san juna bai taɓa kiransa da sunansa ba. Ya ƙi tsayawa cin abinci, ya kora shanunsa a hankali, ya bar turke wayam.

Manoman da ke jira suka nemi wani. Basharu ya yi 'yan kwanaki ba ya fita, sannan ya aika wa Lawal cewa yana tafe. Hajara ta fara daka masa yaji da ƙuliƙuli. Faɗa wa Inna ne ya fi wuya. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa ta riga ta ji ƙarar turmi ta san guzuri ake yi.

"Allah shi kiyaye hanya," ta ce. "Ni kada ka damu da ni, Hajara na nan. Amma ka je ka yi bankwana da mai shanu. Mutum ya ba ka amana, ba ka barin gari ba ka gan shi ba."

Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ya ga hannunta yana laluben tasbaha alhali tana wuyanta.

Ya hau motar kasuwa zuwa Kalgo, ya kwana wurin wani tsohon abokin aiki, da aka idar da asuba ya kama hanyar Wurogauri a ƙasa. Ya yi zaton zai tarar da Sambo bai fito ba. Ina! Gari bai gama wayewa ba, amma har ya ci kusan sulusin gonarsa. Fari ne da Guntu a karkiya. Guntu ya murmure, yana tafiya yana kaɗa wutsiya, raɓa tana jiƙa musu ƙafafu.

Suka gaisa. Basharu ya fara jawabin da ya shirya tun a mota, na neman gafara da na tafiya Badun gobe. Sambo bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Riƙa mini nan, ƙahwata na ciwo."

Ya miƙa masa garma, ya je ya zauna bisa wani suri ya dogara da sanda.

Basharu ya kama. Wannan karon bai kalli layi ba, bai kalli iyakar gona ba. Tsoro ya kafe idonsa a kan Guntu. Sai ga shi yana ganin abubuwan da bai taɓa lura da su ba. Ya ga yadda kunnuwan suke juyowa baya in ya yi magana. Ya ga Guntu yana rage taku kaɗan a kwana don Fari ya zagayo. Ya ga ashe ba sa bukatar tsumagiya, ɗan tsaki ya ishe su. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ƙasa tana buɗewa baƙa mai laushi, balbelu suna bin bayansa. Rabon da ya ji daɗin aiki haka har ya manta.

Rana ta ɗaga, hantsi ya yi, zafi ya fara taɓa ƙeya. Wutsiyar Guntu ta daina kaɗawa. Numfashinsa ya ɗan sauya, wani siririn miyau ya zubo daga bakinsa. Basharu ya tsaya cak a tsakiyar kunya. Ya kwance karkiya, ya ja su gindin wani marke, ya tsugunna yana shafa wuyan Guntu.

Sambo ya taso, kuma ba alamar ciwo a tafiyarsa. Ya dubi gonar.

"Saura kunya ukku ka gama."

"Su kwana nan. Gobe a ƙarasa."

"Gobe? Ba ka ce gobe Badun za ka ba?"

Basharu ya ci gaba da shafa Guntu. Sambo ya juya kai yana kallon shanu, don kada a ga fuskarsa.

"Maƙeri ba shi hwara mini gona shi gudu. Gobe da asuba ka ƙarasa. In ka gama ka kora su gida, damina da saura."

Basharu ya sunkuyar da kai a wuyan Guntu, ya daɗe bai ɗago ba. Sambo ya tafi ruga wai zai sa a kawo nono, kuma bai yi saurin dawowa ba.

Yajin da Hajara ta daka a gida aka cinye shi. Gurbin Badun wani aka ba. Daga wannan damina Basharu ya zama mai huɗa, kuma a Gwandu da kewaye an san shi da abu biyu: layinsa ba ya karkacewa, sannan ko sarkin noma ne ya roƙe shi, hantsi na yi zai kwance. In bakin garma ya cinye, shi da kansa yake shiga maƙerar da ya guje wa ya gyara, 'yan'uwan ubansa suna yi masa dariya. Bayan wasu shekaru ya sayi nasa bijiman, ya mayar wa Sambo nasa da ƙiba. Malam Jibrin, wanda ya koma noman albasa bayan tasa sallamar, yana cikin masu layi a ƙofarsa. Bai yi arziki ba, rufin kwanon ma ya yi tsatsa bai sake ba, amma rumbu bai taɓa yin wayam ba, kuma in ka tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi, da gaske yake.

Abin da ya fi so a ranarsa shi ne dawowa. Ya ɗaure shanu, ya ba su ruwa, ya wanke ƙafa, ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, su sha fura yana ba ta labarin gonar wa ya yi yau da wanda ya yi rowar abinci. Haka suka yi ta yi har bayan an ba mu Jihar Kabi da shekaru.

A wata damina jikinta ya yi nauyi, ba ciwo sosai ba, tsufa ne. Ranar ya fita da asuba kamar kullum, ya dawo da hantsi. Ta ji takunsa.

"Basharu na?"

"Ni na, Inna."

"Ka kwance su?"

"Na kwance."

"Sun sha ruwa?"

"Sun sha."

"To zamna nan."

Ya zauna a bakin gado, ta laluba ta kama hannunsa. Ya fara karanta mata kalmar shahada tana bi a hankali. Kafin a kira azahar ta cika, hannunta yana cikin nasa.